Zizmor, Allah Ya Yi wa Mai Ƙirarki Albarka

Wallahi na daɗe ban ga manhajar da ta kwanta min a rai kamar zizmor ba. William Woodruff ne ya rubuta ta da harshen Rust, ya sake ta kyauta a 2024, kuma aikinta ɗaya ne tak: ta bi fayilolin YAML na GitHub Actions layi-layi, ta nuna maka ƙofar da ka bari a buɗe ba ka sani ba.

Duk mai taɓa buɗaɗɗiyar manhaja ya san daɗin gwajin da ke tashi da kansa. Wani ya turo gyara daga Indiya ko Barazil da tsakar dare, na'ura ta harhaɗa, ta gwada, ta kunna kore ko ja kafin mai aikin ya farka. Ni'ima ce babba. Sai dai fayil ɗin GitHub Actions da ke tafiyar da wannan hidima yawanci kwafo shi ake yi daga aikin wani, a liƙa, a manta da shi, alhali makullan gida duka a hannunsa suke.

Ku dubi harin da aka kai wa manhajar Ultralytics a Disamban 2024. Maharin bai fasa komai ba. Umarnin da yake so a aiwatar ya mayar sunan reshen da ya turo, tsarin kuma ya ɗauki sunan ya zuba shi kai tsaye cikin layin umarni, a ƙarƙashin pull_request_target mai cikakken izini. Ƙarshenta aka wallafa sigar 8.3.41 ta manhajar a rumbun PyPI ɗauke da manhajar haƙar kirifto. Irin wannan ramin zizmor ke hangowa cikin ƙiftawar ido. Za ta ja layi a ƙarƙashin ainihin gurbin, ta faɗi sunan matsalar da girman haɗarinta, babu kame-kame. Kai, yadda take shimfiɗa bayanin nan a baƙin allo ma abin kallo ne!

Inda ta ƙara burge ni shi ne nacinta a kan ɗaure kowane aikin aro da doguwar lambar shaidarsa, maimakon laƙabi irin v4 da za a iya karkatarwa. Wasu na ganin tsanani ne. To, a Maris 2025 aka karkatar da laƙuban tj-actions/changed-files, wani aikin aro da ma'ajiyoyi sama da 23,000 ke amfani da shi a lokacin, sirrikan mutane suka zube a rahoton aiki kowa na gani. Waɗanda suka riga suka ɗaure da tsohuwar lamba sun kwana lafiya.

Tana kuma tsawatar wa mai ba wa tsari izinin rubutu alhali karatu kawai yake buƙata. Ba ta neman rajista, tana aiki ko babu intanet, sauke ta kuwa layi ɗaya ne da pip. Masu kula da CPython kansu sun saka ta cikin binciken da suke yi wa kowane gyara.