Doki a Cikin Duhu: Sharhi Kan Sabon Salon Hotunan Dawaki

Duk mai leƙa Instagram ko Facebook a makon Sallah ya san hoton hawa tun kafin ya gama buɗewa: mahayi a tsakiya, rawani ya sha naɗi, alkyabba na walƙiya, rana ta haske komai. Doki kuwa yana ƙasa, tamkar kujerar da aka ɗora mutum a kai. Haka aka saba ɗaukar doki a ƙasar Hausa, tun hotunan hawan da aka yi wa Sarauniyar Ingila a Kaduna a 1956 har zuwa na kalandar bango.

A 'yan shekarun nan wani salo ya kunno kai a hannun matasa masu kyamara. Hoton ya yi duhu, ƙura ta rufe rabinsa, ba a ganin fuskar mahayi. Wani lokaci idon doki ɗaya kawai za ka gani, ko ƙafafu huɗu da suka narke cikin gudu. Dattawa na cewa an ɓata hoto, samari na cewa fasaha ce. A ganina salon ya zo da gyara na gaske, sai dai jabunsa ya fi na ƙwarai yawa, kuma akwai yadda mai kallo zai bambance su.

Gyaran shi ne an dawo da doki cikin hotonsa. Bahaushe bai taɓa yi wa doki kallon kujera ba. Harshen ma shaida ne: akawal, kili, danda, hurde, gunya, bikili, kowane launi da sunansa. Mutanen da suka ƙirƙiri waɗannan kalmomi sun daɗe suna ƙura wa dabbar ido. Hoton da ya kawar da mahayi gefe ya tsaya kan jijiyar wuya, gumin da ya jiƙa ƙirji da yadda kunnuwa suka juya, ya fi kusa da wannan tsohon kallo fiye da hoton kalanda.

Mu ɗauki Dawakin Tofa misali. Hakiminta shi ne Madakin Kano, sarautar da asalinta jagorancin mayaƙan dawakai ne. Amma dokin da ke fita daga gundumomi irin wannan zuwa Hawan Daushe a Ƙofar Kudu, kwanaki kaɗan yake yi cikin ado a shekara. Sauran watannin yana ɗaure a turke, yana cin harawa da dusa, yana lasar kanwa, wani yaro na kwashe masa kashi da asuba. Hasken rana tsaka bai san wannan rayuwa ba. Hotunan sabon salo mafi kyau daga nan suke fitowa: hasken safiya ya ratso ƙofar barga ya sauka a gadon bayan doki, sauran wurin duhu ne domin da ma duhun ne a wurin. Mai hoton bai ƙara komai ba, jira kawai ya yi.

Haka batun ƙafafun da suka narke. A 1878 Eadweard Muybridge ya jera kyamarori a California ta Amurka, ya nuna cewa doki mai sukuwa yakan ɗaga ƙafafunsa huɗu gaba ɗaya daga ƙasa, kuma a lokacin suna tattare ne a ƙarƙashin ciki, ba a miƙe ba kamar yadda masu zane suka daɗe suna yi. Wannan gaskiya ce ta kimiyya, amma idon ɗan Adam ba haka yake ganin gudu ba. Shi ya sa a shekarun 1950 Ernst Haas ya bi akasin hanyar: ya bar idon kyamara a buɗe na ɗan lokaci, dawakai da mahaya suka zama zaren launi. Wanda ya ɗauki jahi da ƙyaftawar kashi ɗaya cikin 1000 na daƙiƙa zai samu doki daskare a sama. Wanda ya sassauta zuwa kashi ɗaya cikin 30, yana bin dokin da kyamara, zai samu abin da ɗan kallo ke ji a ƙirjinsa idan ayari ya taho a guje. Ba kuskure ba ne, zaɓi ne.

To, ina jabun yake? A nan aikina na rubuta manhaja ya sa nake ganin ɗinkin rigar. Kyamarar waya an gina ta ne don ta yaƙi duhu. Idan ka danna, ba hoto ɗaya take ɗauka ba. Tana ɗaukar da yawa a jere ta haɗe su, ta haska inuwa, ta rage ƙarfin haske. Shi ya sa akawal ke fitowa toka-toka, kili kuma ya dushe. Mai hoto sai ya shiga Lightroom ko Snapseed ya ɗora filta mai duhu a kan abin da waya ta riga ta baje. Sakamakon duhu ne marar tushe. Ka duba inuwar doki a ƙasa: gajeriya ce, ta tsakar rana, alhali sama ta yi baƙi kamar magariba. Hoton yana ƙaryata kansa.

Ga kuma hanyar da hoton zai bi kafin ya iso gare mu. Hoton JPEG matakin haske 256 kacal yake da shi a kowane launi na asali. Idan aka danne rabin hoto cikin matakan ƙasa, sannan WhatsApp ya matse shi, gashin akawal da inuwar bango sukan haɗe su zama dabbare-dabbare. Wanda ya san masu kallonsa a waya suke, kuma da ƙaramin data, dole ya bar wa duhunsa ɗan numfashi.

Asara mafi girma ita ce ta launi. A wajen hawa launi rubutu ne. Ja da koren dogarai, ankon tawagar kowane hakimi, lifidi da kwalkwali, jalala da adon sirdi, da su ɗan Kano ke gane wa ke tahowa tun bai ji kirari ba. Lokacin da UNESCO ta sanya hawan Kano cikin jerin al'adun gado na duniya a Disambar 2024, ba mahaya kaɗai abin ya shafa ba. Akwai dukawa, maƙera da maɗinka da aikinsu ke jikin kowane doki. Filtar da ke mayar da komai ruwan ƙasa da baƙi tana shafe sa hannun waɗannan mutane, ta mai da hawan Kano daidai da kowane hoton doki na Turai ko Amurka.

Akwai wani abu da ya fi wannan nauyi. Linzamin gargajiya mai tsanani ne, shi ke sa doki ya ci birki nan take a ƙarshen jahi. Baki a wangale, ido a zazzare, kumfa na zuba: a cikin duhu wannan yana yin kyau ƙwarai, kuma shi ne hoton da aka fi yabawa. Amma duk ɗan barga ya san me kunnuwan da suka kwanta baya suke faɗa. Ban ce kada a ɗauka ba. Cewa nake hoton da ya nuna zafin a matsayin zafi ya fi wanda ya lulluɓe shi ya kira shi jarumta.

Ma'aunin da nake ba mai karatu mai sauƙi ne. Idan ka ga hoton doki mai duhu, tambayi kanka daga ina hasken ya fito, kuma me duhun ya sa ka gani wanda da ba za ka gani ba. Idan akwai amsa, mai hoton ya yi aiki. Idan babu, maɓalli kawai ya danna.

Ga masu kyamara kuma, lokaci na tahowa. Sallah na matsowa da kimanin kwana 11 kowace shekara, nan da 'yan shekaru Ƙaramar Sallah za ta faɗo cikin hunturu. Hazo zai tace rana da kansa, ƙurar kofato ta tsaya a iska. Wanda ya koyi jiran haske a barga tun yanzu ba zai nemi filta ba a ranar.