Masu Auna Ɗumin Furotin na Madara

A cikin madarar saniya akwai wani ɗan furotin mai suna alfa-laktalbumin. Sarƙa ce ta amino asid 123 da ta naɗe kanta, ta rungume ƙwayar kalsiyam guda, wanda a wajen masana sinadarai ƙarfe ne. Wannan ƙwaya tamkar ƙullin da ke riƙe ɗaurin kaya take. Muddin tana nan, furotin kan jure zafi har wajen digiri 65 kafin ya warware. Da an zare ta, ko digiri 45 ba ya kaiwa. Abin da ke ƙayatar da ni shi ne hannun da ke auna hakan a abin da ido bai taɓa gani ba.

Da wanki ake farawa. Gwani kan zuba EDTA, sinadarin da ke damƙe ƙarfe, ya ƙwace kalsiyam daga furotin. Sai ya ɗura ruwan cikin wata 'yar jaka mai ramukan da furotin ba ya iya ratsawa, ya tsoma ta cikin tsaftataccen ruwa a firiji, yana sauya ruwan har EDTA ya fice. Kwalbar gilashi kuwa yakan guje mata, domin takan tsattsafo da kalsiyam kaɗan kaɗan. Ta roba yake ɗauka. Hatta ruwan da ke daidaita tsami ba da ka yake zaɓarsa ba. Ruwan fosfet, alal misali, yakan haɗe da kalsiyam su kwanta a ƙasa. Ruwan Tris kuma tsaminsa ƙaruwa yake yayin da zafi ke hawa, ma'aunin tsami na pH na sauka da kusan 0.03 a kowace digiri, sai tasirin tsami ya shiga rigar tasirin zafi. Daga ƙarshe ya zuƙe iskar da ke cikin ruwan da famfo, don kumfa ɗaya tak ta isa ta ɓata awo.

Sannan a zo ga kalorimita, na'urar awon ɗumi irin wadda Peter Privalov ya inganta a garin Pushchino na Rasha. Ƙananan tukwane biyu gare ta, ɗaya da furotin, ɗaya da ruwan daidaita tsamin zalla. Tana ɗumama su tare, wajen digiri ɗaya a minti guda. Sa'ad da furotin ya fara warwarewa yakan shanye zafi, tukunyarsa ta so yin baya, na'urar ta ƙara mata wuta don su daidaita. Wannan ƙarin shi ke fitowa a allo a matsayin tudu.

Mai ƙyuya da ya tsallake wanki shi ma zai ga tudu, ya rubuta lamba ya tafi gida, alhali furotin mai riƙe da kalsiyam ne ya auna. Gwani kuwa maimaitawa yake, yana ƙara kalsiyam daki daki, yana kallon tudun na matsawa zuwa zafi mafi girma, daga tazarar ya lissafa ƙarfin riƙon. Kuma ba ya yarda da lissafin sai ya bar samfurin ya huce ya sake ɗumama shi, ya tabbatar furotin ya naɗe kansa ya kama ƙarfensa kamar da.