Intanet ta Kwan Fitila: Me Li-Fi Zai Tsinana wa Mutumin Makoɗa?

Mai yiwuwa ka taɓa cin karo da bidiyon a Facebook ko a wani zauren WhatsApp. Ga Bature a kan dandamali, ga fitilar tebur a gabansa, ga hoton furanni yana motsi a babban allo. Ya sa tafin hannu ya tare hasken fitilar, hoton ya tsaya cak. Ya janye hannu, hoton ya ci gaba. Mutumin shi ne Farfesa Harald Haas, Bajamushe da ke koyarwa a Jami'ar Edinbura a lokacin, kuma a taron TED na watan Yulin 2011 ya yi wannan nuni. A nan ne duniya ta fara jin sunan Li-Fi. Tun daga ranar ake ta maimaita alkawari guda: tunda ko'ina akwai kwan fitila, to ko'ina za a samu intanet, har da ƙauyukan da kamfanonin waya suka manta da su.

Kimiyyar da ke cikin nunin gaskiya ce, babu siddabaru. Kwan LED yana iya ƙara haske da rage shi sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya, saurin da idonka ba zai taɓa kamawa ba. Kai dai haske kake gani a tsaye. Amma idan aka ajiye ɗan ƙaramin idon lantarki a ƙarƙashinsa, zai karanta wannan ƙyaftawa ya mayar da ita lambobin kwamfuta, su kuma su koma hoto ko murya. Rimot ɗin talabijin ɗinka ma da haske yake magana da akwatin, sai dai irin hasken da ido ba ya gani. Tunanin kansa ya tsufa: tun 1880 Alexander Graham Bell ya aika muryar mutum a kan hasken rana, tazarar mita ɗari biyu da 'yan kai. Abin da Haas da abokan aikinsa suka ƙara shi ne dabarar cusa bayanai masu yawa a hasken LED, kuma sun cancanci yabo a kan haka.

Rigimata da alkawarin ce. Ka ɗauki jawabin nan ka tafi da shi arewacin jihar Kano, can wajen Dambatta, Makoɗa, Bichi ko Tsanyawa, ka ga abin da zai rage a hannunka.

Babbar hujjar Haas ita ce cunkoso. Ya ce zangon rediyo da wayoyinmu suke amfani da shi ya kusa cika, alhali faɗin zangon hasken da ido ke gani ya ninka shi sau 10,000. A bene mai hawa ashirin a Landan, inda mutum dubu ke kokawa da Wi-Fi a lokaci guda, wannan magana ce mai nauyi. To amma wa ya cika sararin samaniyar Makoɗa? Yankin nan shi ne wanda masanin ƙasa Michael Mortimore, wanda ya koyar a Zariya da Jami'ar Bayero, ya fara nazarinsa tun shekarun 1960: ƙasa shimfiɗaɗɗiya, gona manne da gona, gero da dawa da wake da gyaɗa, ga ɗorawa da tsamiya a tsakiyar gonaki, gidaje a warwatse amma kusa da juna, ɗaruruwan mutane a kowace murabba'in kilomita. In ka tambayi injiniyan sadarwa wace irin ƙasa yake mafarkin samu, ai ita ke nan. Babu dutsen da zai tare sabis, ga jama'ar da za su biya kuɗin turke. Ƙarfen sabis ɗaya yana iya ɗaukar ƙauyuka da yawa. Inda sabis ya yi rauni a wannan yanki, turken ne ya yi nisa, ko ba a ɗora masa kayan 4G ba, ko man janareto ya ƙare, ko hanyar da ke haɗa shi da birni ta yi ƙanƙanta. Ko ɗaya daga cikinsu kwan fitila ba ya magani.

A nan gizo yake saƙar. Fitilar Li-Fi ba ta haifar da intanet, rabawa kawai take yi. Famfo ne, kuma mutanen Kano sun fi kowa sanin famfon da aka kafa amma ba a ja masa ruwa ba. Kafin saƙo ya fito daga kwan da ke saman kanka, sai ya bi wayar ƙarƙashin teku ya sauka Legas, ya hau wayar fayiba ya yi tafiyar kilomita dubu zuwa Kano, ya wuce zuwa garinku, ya shigo gidanku, sannan a ja waya ta musamman zuwa kowace fitila. Wanda ya ga abin da ya faru ranar 14 ga Maris 2024, da wayoyin teku suka lalace a gaɓar Kwaddibuwa har harkar banki ta rikice a Najeriya, ya san tsawon sarƙar nan. Li-Fi yana gyara mita biyu ko uku na ƙarshe ne kawai. Ko a ƙauyen Drongouiné na yammacin Kwaddibuwa, inda kamfanin injiniya Ange Frédérick Balma ya kafa fitilun Li-Fi masu aiki da hasken rana a 2017 har aka yi ta yayata labarin, dole sai an fara kawo sadarwar ƙauyen ta wata hanya kafin fitila ta samu abin rabawa.

Su kuwa mita ukun nan na ƙarshe, ai samarin ƙauye sun daɗe da gamawa da su. Je ka rumfar mai cajin waya ranar kasuwa ka tsaya minti goma. Mai turi yana loda wa mutane fim da wa'azi da waƙa a memori, yara suna jefa wa juna bidiyo ta Xender ba tare da an ci musu ko sisi na data ba, wanda ya sayi data ya kunna hotsifot abokai biyar suka hau. Duk wannan da rediyon da ke cikin wayar ake yi, wadda aka riga aka saya. Tecno ko itel ɗin da ke aljihunka ba ta da idon karɓar Li-Fi. Sai ka sayi wata 'yar na'ura ka maƙala mata, ka kuma zauna daidai inda hasken yake sauka.

Zaman ma abin dubawa ne. An ƙera Li-Fi ne domin mutumin da yake wuni a ofis, a kan kujera ɗaya, fitila a kunne a kansa tun safe har yamma. Gaya mini wanda yake irin wannan zama a karkarar Kano. Magidanci yana gona ko zaure ko gindin bishiya. Mata suna tsakar gida, suna sussuka, suna girki, suna sana'arsu. Ɗaki wurin kwana ne da ajiya. Haske ba ya ratsa bangon ƙasa, ba ya ratsa ko labule mai kauri, saboda haka gida mai ɗaki shida yana buƙatar na'ura shida, kowacce da wayarta. A tsakar gida kuma ga rana, wadda haskenta da tsakar rana ya ninka na fitilar ofis sau ɗaruruwa. Don a yi adalci, masu binciken sun nuna cewa ana iya tace hasken rana, tunda shi ba ya ƙyaftawa irin ta LED. Ana iyawa, amma da ƙarin kayan aiki da ragin sauri, kuma wa zai kunna fitila a tsakar gida da azahar?

Sai maganar da ta fi jan hankalin mutane, cewa kwan fitila biliyan 14 suna nan a duniya suna jira. Wannan lissafi yana ɗauka cewa wuta tana nan, kwan yana ci, abin da ya rage a ɗora masa saƙo. Bankin Duniya ya ce a 2021 'yan Najeriya kusan miliyan 85 ba su haɗe da wutar gwamnati ba. A ƙauyukan da muke magana, LED ta shigo ƙwarai, ta kori aci-bal-bal da fitilar ƙwai, amma ta shigo ne a matsayin tocila mai batir da fitilar sola da ake shanyawa a kan rufi da rana, a lallaɓa ta da dare kada ta mutu kafin yara su gama karatu. Haskenta abin tattali ne. Irin wannan kwan mai araha kuma a cikinsa shuɗin haske ne, aka shafa masa wani sinadari mai ruwan ɗorawa don ya koma fari, shi kuwa shafen nan yana da nawa wajen ƙyaftawa, yana daƙile saurin. Manyan alƙaluman da kake gani a kanun labarai, irin gigabit 224 a daƙiƙa da aka samu a Jami'ar Oksfod a 2015, a ɗakin gwaji aka same su, da kayan da ba su da alaƙa da kwan da ake sayarwa a Sabon Gari.

Wani abin dariya ma: da ƙungiyar injiniyoyi ta IEEE ta fitar da ƙa'idar Li-Fi a 2023, mai lamba 802.11bb, sai ta gina ta a kan hasken infirared, wanda ido ba ya gani. Wato dai fitilar da ake cewa za ta haska ɗaki ta kuma ba ka intanet a kyauta, su kansu masu sana'ar sun raba mata aikin gida biyu.

Hujjar tsaro na yarda da ita. Tunda haske ba ya fita daga ɗaki, na waje ba zai saci saƙonka ba. Shi ya sa sojojin Amurka suka sayi kayan kamfanin pureLiFi a 2021, kamfanin Air France ma ya gwada fasahar a cikin jirgi a 2019. Masu buƙatarsa suna nan, kuma suna da kuɗi. Manomin da yake neman farashin taki a wayarsa, bayan ƙarin kashi 50 cikin ɗari da hukumar NCC ta amince wa kamfanonin waya a Janairun 2025, damuwarsa kuɗin data ne.

Akwai dai wani jawabin na Haas da bai yi tashe kamar na farko ba, kuma a ganina shi ya fi dacewa da mu. A 2015, a Landan, ya nuna cewa farantin sola na yau da kullum zai iya zama idon karɓar saƙo, yana tara wuta yana kuma karanta ƙyaftawar hasken da aka auno shi da shi daga nesa. Ka ga wannan ya taɓo ainihin ciwon: yadda za a ƙetare tazarar da ke tsakanin gari mai fayiba da ƙauyen da ba shi da ita, ba tare da haƙa rami ba. Farantan kuma sun riga sun hau rufin masallatai da asibitocin sha-ka-tafi da rijiyoyin burtsatse. Aika saƙo ta haske a sarari ba mafarki ba ne. A 2021 shirin Taara na kamfanin da ya mallaki Google ya haɗa biranen Brazabil da Kinshasa da hasken leza ta saman kogin Kwango, tazarar kusan kilomita 5.

Sai dai ka lura da yadda Haas ya gwada hazo a wannan nuni. Hankici ya zaro ya rufa wa farantin, bidiyon ya ci gaba da tafiya, aka yi tafi. Wanda ya yi hunturu a Dambatta zai yi murmushi. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu iskar da ke kwaso ƙura daga kwarin Bodele na ƙasar Chadi tana rufe sama har jirage su kasa sauka a filin Malam Aminu Kano. Ƙurar tana watsa hasken a hanya, sannan ta kwanta a kan farantin, sai an bi ana gogewa. Hankici ɗaya a ɗaki mai sanyi bai auna wannan ba.

Auna shi kuwa bai fi ƙarfin ɗaliban injiniya na Bayero ko na kwalejin horar da malaman fasaha da ke Bichi ba. Rufi biyu masu kallon juna, tazarar kilomita ɗaya, fitila mai ƙarfi ko leza a wannan, farantin sola a wancan, da ƙaramar kwamfuta mai rubuta ƙarfin saƙon kowace sa'a. A bar shi daga farkon Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, a goge rabin farantan kullum a bar rabi da ƙurarsu, sannan a ƙirga sa'o'in da layin ya yanke.