Takoma Park Cikin Fallout 3: Nutsewa, Sanin Bayan Fage da Sha'awar Tauraro

A shekarar 1983 majalisar garin Takoma Park, da ke jihar Maryland daf da birnin Washington, ta ayyana garin a matsayin yankin da ya haramta wa kansa hulɗa da makaman nukiliya. Bayan shekara 25, kamfanin Bethesda, wanda ofishinsa ke Rockville a gunduma ɗaya da garin, ya fitar da wasan kwamfuta mai suna Fallout 3, ya kuma saka Takoma Park a cikinsa a matsayin kufai, shekara 200 bayan yaƙin nukiliya na 2077. Wannan kufai ya dace da nazarin gardamar da ta daɗe tsakanin masu irin waɗannan wasanni a kan abu biyu: nutsewa, wato mai wasa ya shiga rigar tauraro har ya manta da kansa, da kuma sanin bayan fage, wato ya yi aiki da abin da shi ya sani alhali tauraron bai sani ba.

Tauraron wasan matashi ne ɗan shekara 19 da ya fito daga maɓoyar ƙarƙashin ƙasa mai lamba 101 yana neman mahaifinsa. Babban zaren labarin bai bi ta Takoma ba, hanyar zuwa ma sai an ratsa ramukan jirgin ƙasa. To me zai kai shi? Galibi abin da ke kai mai wasa shi ne ya riga ya karanta cewa ɗaya daga cikin manyan dodanni biyar yana can, kuma akwai lambar yabo ga wanda ya kashe su duka. Ƙafar tauraro ce ke tafiya, amma niyyar ta mai riƙe da na'ura ce. Masu kishin nutsewa suna ɗaukar wannan tamkar satar amsa.

Sai dai zargin yana raunana idan aka zo kan sha'awa. Fallout 3 ya tanadi baiwa guda biyu, Lady Killer ga namiji da Black Widow ga mace, kowace tana buɗe kalaman jan hankali, tana kuma ƙara kashi 10 cikin ɗari na ɓarnar da tauraro zai yi wa ɗaya jinsin. A 2010 kamfanin Obsidian ya ƙara takwarorinsu a Fallout: New Vegas, masu aiki a kan jinsin tauraro kansa. Nan take lissafi ya bayyana: wanda ya ɗauki biyun ya sami ƙari a kan kowane ɗan Adam. Wanda ya yi haka bai yanke komai game da zuciyar tauraronsa ba, riba ya gani ya ɗauka. Laifin kuwa na maƙerin wasan ne, domin shi ya rataya wa sha'awa farashi, ya kuma auna ta da ma'aunin kisa, abin da ya kamata ya dami mai nazari kafin komai.

Matsayin addini da al'ada a kan batun sananne ne ga mai karatu. Tambayar adabi daban take, ita ce ko taurarin da ke cikin labari suna da halin kansu. Bahaushe ya san shiga rigar wani tun a tashe, inda yarinya kan sa riga da hula ta fito a matsayin miji, ba tare da wani ya ruɗe ba, saboda matsayin da ta hau yana da iyakokinsa sanannu. Fallout 4 na 2015 ya rushe irin waɗannan iyakoki: abokan tafiya da ake iya nema suna amsa wa tauraro ko namiji ne ko mace, muddin ya tara yardarsu, yardar kuma tana zuwa da tata baiwar. Piper da Cait sun zama madubi, duk wanda ya tsaya gabansu shi suke so.

Arcade Gannon na New Vegas ya fi su tsayuwa a matsayin ƙagaggen mutum. Likita ne mai ɓoye alaƙar danginsa da rundunar Enclave, yana ambaton sha'awarsa a fakaice cikin zance, wasan bai ba da damar soyayya da shi ba, kuma yakan rabu da tauraron da ya jingina da rundunar Kaisar.