Masu Ƙera Maganaɗisu Daga Ƙwaya Ɗaya

Maganaɗisun da muka saba da shi, irin na cikin lasifika, ƙarfinsa na taron dangi ne. Ƙwayoyin zarra marasa adadi ne ke haɗa kai su fuskanci gefe guda. To amma akwai wasu masana kimiyyar sinadarai da suka iya haɗa molekul ɗaya tilo, wato dunƙulen zarra ƙalilan, ya zama maganaɗisu mai zaman kansa, har ya riƙe alƙiblar da aka sa shi bayan an janye ƙarfin da ya juya shi. Wannan aiki ya cancanci a sara wa masu shi.

A shekarar 1980 wani masani ɗan ƙasar Poland, Tadeusz Lis, a birnin Wrocław, ya haɗa gishirin manganis da sinadarin famanganet, mai launin shunayya ɗin nan da ake wanke gyambo da shi, a cikin asid irin wanda ke sa ruwan khal tsami. Ya bar haɗin ya kwanta, sai ƙananan duwatsun kiristal masu duhu suka fito. Da ya haska su da hasken eksire ya gano tsarinsu: zarrar manganis 12, huɗu a tsakiya, takwas sun yi musu zobe, zarrar oksijin ta ɗaure su, sannan sinadarin asitet 16 ya lulluɓe su ta waje. Shi ake kira Mn12.

Babu hannun da ya isa ya ɗauki zarra ya ajiye ta inda yake so a cikin kwalba. Abin da masanin ke iko da shi kawai shi ne awo, da zafi, da ruwan da zai narka kayan, da haƙurin jira. Kamar marini ne a bakin karofi: ba shi ke shigar da baba cikin zare ba, amma shi ya san haɗin da lokacin da zai sa shuni ya kama. In awo ya kauce kaɗan, sai a tashi da baƙin gari mara amfani. In ya yi daidai, kowane molekul a cikin kiristal ɗin zai fito sak da ɗan'uwansa, babu babba babu ƙarami, abin da niƙa ƙarfe ba zai taɓa bayarwa ba.

Lissafin cikin ma abin sha'awa ne. Kowace zarra cikin takwas ɗin waje tana da ƙarfin juyi, wato ma'aunin ƙarfin maganaɗisunta, 2, jimla 16. Huɗun tsakiya kowace tana da 1.5, jimla 6, kuma suna fuskantar kishiyar na waje. A cire 6 daga 16, saura 10. Sai dai yawan ƙarfi kaɗai bai wadatar ba. Zarra takwas ɗin nan kowace ta ɗan miƙe ta gefe guda, kuma miƙewar tasu ta kusan daidaita, shi ya sa molekul ɗin ke son fuskantar sama ko ƙasa kawai, komawa daga wannan zuwa wancan kuwa sai da tsallake shinge.

Sai da aka yi shekara 13 kafin a gane darajar abin da Lis ya haɗa. A 1993 Roberta Sessoli da Dante Gatteschi da abokan aikinsu a Florence ta Italiya suka nuna cewa a sanyin digiri 2 na ma'aunin Kelvin, kusan 271 ƙasa da sifili a ma'aunin Selshiyos, Mn12 kan riƙe alƙiblarsa na tsawon kimanin wata biyu. A 1996 kuma Jonathan Friedman da Myriam Sarachik a New York, da wani rukuni a Grenoble ta Faransa, suka ga yana iya ratsa shingen ba tare da ya hau kansa ba, ɗabi'ar da dokokin kwantum kaɗai ke bayyanawa.

Daga nan masu haɗi suka shiga gasa. George Christou a Jami'ar Florida ya fitar da Mn84 a 2004, ƙaton zobe mai faɗin nanomita 4 da ɗoriya. Rukunin Annie Powell a Karlsruhe ta Jamus ya samar da Mn19 a 2006, mai ƙarfin juyi 41.5, amma da yake miƙewar zarrarsa ta soke juna, bai iya riƙe alƙibla kamar Mn12 ba. A ganina wannan sakamako ya fi wasu nasarori koyarwa, domin ya nuna cewa gwanintar tana wajen daidaita tsari, tara manganis da yawa ba ya biyan buƙata.

Burin adana bayanan kwamfuta a kan molekul ɗai-ɗai har yanzu sanyi ne ke tare masa hanya. Mn12 ba ya riƙe komai sama da kimanin digiri 3 na Kelvin. Masu bincike sun karkata ga ƙarfen disfirosiyam, wanda ya kai digiri 80 na Kelvin a 2018, amma da yawa daga cikin dabarun awo da fahimtar da suke aiki da su a kan manganis aka koye su.