Fim ɗin Hauka na Jean Rouch: Abin da ya nuna da abin da ya tsallake

Bismillahir Rahmanir Rahim.

'Yan'uwa, fim ɗin "Les Maîtres fous", wato mahaukatan iyayengiji, Bafaranshe Jean Rouch ya ɗauke shi a Accra, ya fito a 1955. Yana nuna 'yan ci-rani daga Nijar, akasarinsu Zabarmawa, suna bikin Hauka, wani reshen bori da ya ɓullo wajajen Filinge a shekarun 1920. Iskokinsu ba na kakanni ba ne, na mulkin mallaka ne: Gwamna, Janar, Kofur, Matar Likita. Iska ta hau mutum, bakinsa ya yi kumfa, ya riƙa takun soja, har a yanka kare a ci.

Rouch ya ciri tuta wajen ɗaukar hoto, bai ƙawata komai ba. Washegari kuma ya nuna mutanen nan a bakin aikinsu, lafiya lau, don mai kallo ya san ba mahaukata ba ne.

Amma fassararsa ta gaza. Shi a ganinsa bikin magani ne da talaka ya samo wa wulaƙancin Bature. To, ai su masu abin ba wasan kwaikwayo suka ɗauke shi ba. Kowane ɗan bori yana da iskarsa da ya sani da suna, shi ne dokinta. Yana mata yanka, yana tsoron fushinta, yana kai mata kukansa in ciwo ko rashin aiki ya same shi. Wannan alaƙa ita ce zuciyar al'amarin, kuma ita fim ɗin ya wuce da sauri.

A nan ne mu muke da magana. Aya ta 6 ta Suratul Jinni ta yi bayanin masu neman tsari wurin aljanu, da yadda hakan bai ƙara musu komai ba sai wahala. Kun ga bawan Allah ya tsere wa Gwamna na zahiri, ya koma yana yi wa Gwamna na ɓoye yanka. Ina 'yancin yake?

Ɗalibai, in kun kalla, kada ku yi musu dariya. Baƙi ne a ƙasar wasu, ga talauci, ga kaɗaici. Ku tambayi kanku: baƙon da ya sauka zangonmu yau, wa ke tarbarsa? In masallaci bai ji kukansa ba, wani zai ji.

Allah Ya tabbatar da mu a kan tauhidi, amin.