Fuskar da kyamara ta haɗiye

Hausawa sun ce labarin zuciya a tambayi fuska. To, wa mai kallo zai tambaya idan fuskar ta ɓace cikin duhu? Wannan tambaya ta daɗe tana damuna, tun da na kalli wasu wasannin kwaikwayo da ƙungiyoyin matasanmu suka ɗauka da kyamarar bidiyo. A ɗaya daga cikinsu, wani dattijo yana yafe wa ɗansa a tsakar gida, da rana tsaka. Farar shaddarsa ta fito fes, har ana iya ƙidaya zaren aikin wuyanta, amma fuskarsa ta zama dunƙulen baƙi. Ko ya yi hawaye, ko ya yi murmushi, Allah masani. Gafarar da aka gina wasan a kanta, kunnuwanmu kawai suka shaida ta.

Laifin ba na ɗan wasa ba ne, ba kuma na launin fatarsa ba. Mai ɗauka ne ya bar na'ura a otomatik. Kyamara tana da ƙofar haske mai buɗewa da tsukewa kamar ƙwayar ido, kuma idan aka bar mata zaɓi, sai ta haɗa hasken duk abin da ke gabanta ta mai da shi tsaka-tsaki, kamar ruwan toka. Da ta ga farar riga da farin bango cikin ranar Damagaram ko ta Tawa, sai ta tsuke ƙofar, fuska ta nutse. Da mai rigar ya gusa, sai ta sake buɗewa, hoto ya dinga haske yana duhu ba gaira ba dalili.

Maganin kuwa yana hannun mai ɗauka. Lambobin ƙofar suna tafiya daga 2.8 zuwa 4, 5.6, 8, 11 da 16, kuma kowane mataki yana rage rabin haske. Sai ya jawo fuska kusa, ya daidaita haske a kanta, ya kulle, sannan ya koma ga faɗin hoto. Idan rana ta yi ƙarfi ya sa gilashin rage haske, ko a riƙa farin kwali ya mai da haske ƙarƙashin hula, ko a jira la'asar sakaliya. Gaskiya ne rigar za ta ɗan ƙone da fari. Amma zaɓi tsakanin riga da fuska hukunci ne na mai hikima, bai kamata a bar wa ƙarfe ba.

Ƙasarmu ba baƙuwa ba ce a wannan fage. A 1972 Umaru Ganda ya ci babbar kyautar FESPACO ta farko a Wagadugu da fim ɗinsa Le Wazzou polygame, a zamanin da ake auna haske da hannu kafin kowace ɗauka. Saboda haka muna kira ga malamai da shugabannin ƙungiyoyi: kamar yadda ake koya wa ƴan wasa furuci da tsayuwa, a koya wa mai kyamara auna fuska. Wanda ya sha wahalar haddace magana ya cancanci a gan shi yana faɗinta.